Askar Kaka

Ba kowane gemu mai askin yake ɗauko wa askar Kaka ba. Shagonsa kujera biyu ne, da bencin masu jira, da madubi ɗaya mai tsaga a kusurwa. Yawancin masu zama a kujerun nan inji ne ke bin kansu, su kakkaɓe wuya su yi gaba. Amma idan dattijo ya shigo da gemun kwana huɗu, ya zauna ba ya duba agogo, sai mai askin ya jawo aljihun tebur na ƙasa, ya warware wani tsumma, ya fito da ita. Ƙotarta ta ƙaho ce, ta yi ruwan zuma, da 'yan ramuka biyu inda ƙwaro ya taɓa ci. Zai goga ta a fata sau ashirin, ya ɗan taɓa bakin da farce ta yi wata siririyar ƙara, sannan ya ce, “Ka ji? Ƙarfen zamanin da ke nan. Yanzu ba a yin irinsa.” Ya faɗi wannan magana ya fi sau dubu, ba kuma wanda ya taɓa musa masa, don ba a gardama da mutumin da ya ɗora maka aska a maƙogwaro.

Mutum ɗaya ne ya taɓa cewa askar Kaka tana wani wuri daban, shi ne ƙaninsa, Auta. Wannan ya faru shekara talatin da ɗaya da suka wuce.

Babansu ma mai aski ne, haka kakansu. Askar Kaka tana cikin zabirar Baba, a naɗe, ba ya aiki da ita. Yaran gidan sun san ta ne a rufe kawai, idan ya fito da ita zai shafa wa ƙotar mai. Bai taɓa buɗe ta a gabansu ba, wanda kuwa ya kai hannu zai ji a jikinsa. Ba wanda ya taɓa faɗa da baki, amma duk gidan an sani cewa wanda Baba ya bar wa askar nan shi ne zaɓinsa.

Saura wata ɗaya Baba ya rasu, yana kwance ko kofin ruwa ba ya iya riƙewa da kyau, sai ya aiki babban ɗansa ya sayo masa sabuwar aska. Mai askin ya tafi yana ƙunƙuni a ransa, wai mara lafiyar da ba ya iya tashi me zai yi da aska. Ya shiga shagon farko da ya gani, ya ɗauki wata mai baƙar ƙotar roba a cikin kwalinta, ko buɗe ta bai yi ba, ya kawo ya ajiye masa a gefen gado. Bayan sati uku Baba ya kira shi shi kaɗai, ya damƙa masa mai ƙotar ƙahon a hannu, ya ce, “Ta kakanka ce. Ka riƙe.” Ranar nan ya shiga banɗaki ya yi kuka, don shekara goma sha biyar ya yi yana share gashi a shagon Baba bai taɓa jin an ce masa ya kyauta ba.

Kwana biyu da binne Baba, suna zaune a falo, mutum tara ban da su biyun, aka taso da zancen kayan aikin marigayi. Auta, wanda a lokacin shekararsa ashirin da biyu, ya ce ai shi ma Baba ya kira shi shi kaɗai, ya ba shi aska, ya ce ta kakansa ce. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ita. Baƙar ƙotar roba ce, sabuwa fil.

Mai askin ya miƙe tsaye. “Maƙaryaci,” in ji shi. “Ni na sayo wannan da hannuna, ko wata biyu ba a yi ba. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba kana yi masa ƙarya.”

Auta ya dubi askar, ya dubi innarsu da ke zaune a kusurwa, ya mayar da ita aljihu. Kafin watan ya ƙare ya bar gida ya kama tuƙin babbar mota. Tun daga nan suke gaisawa a wurin biki ko rasuwa, irin gaisuwar maƙwabtan da ba su saba ba.

Bana ciwon baya ya sauke Auta daga mota, ya dawo garin ya kama ɗaki. Babbar yayarsu, wadda ta haura saba'in kuma kunnenta ya yi nauyi, ta ji labarin wata mata mai shagon tsofaffin kaya, wadda aka ce idan ta kalli aska takan faɗi shekarunta. Ta aika aka kira mata su biyun. Ta ce ta gaji da raba musu ranakun zuwa gaishe ta kamar masu karɓar magani a asibiti, su ɗauki askokinsu su je a duba, kowa ya huta.

Mai askin ya amsa nan take. Ba ya shakkar komai. Yana so ne kawai ya ji wani da ba ɗan gidansu ba ya tabbatar cewa kalmar da ya jefi ƙaninsa da ita gaskiya ce, don a kanta ya rasa ɗan'uwa, kuma ba ya so a ce ya rasa shi a banza.

Shagon yana wani lungu, tsakanin mai gyaran takalma da mai ɗinkin labule. Suka isa da hantsi, kowa ta hanyarsa. A ciki agogunan bango ne birjik, kowanne da lokacin da yake nunawa, da fitilu, da tsofaffin ma'aunai, da keken ɗinki biyu. A ƙarƙashin gilashin kanta kuwa askoki ne a jere, sun fi arba'in, kowacce da 'yar takarda ɗaure a jiki. Matar siririya ce, tabarau rataye a wuyanta da igiya, wani kuma a saman hanci. Masu shagunan lungun Mai Tabarau suke ce mata.

Mai askin ya gyara murya zai fara daga kakansu, ta ɗaga masa hannu.

“Malam, kada ka gaya min komai. Duk wanda ya shigo nan kakansa ne ya ba shi. Ku ajiye su a nan.”

Ta shimfiɗa wani kyalle mai ruwan toka, ta kunna fitilar tebur. Ya warware tsummansa a hankali. Auta ya zaro tasa daga aljihun riga, ba tsumma ba komai, ya ajiye a can gefe kamar mai jin kunyarta.

Ta fara da mai ƙahon, a rufe. Ta juya ta, ta ɗaga ta wajen haske, ta kanga wani ɗan gilashin ƙara girma a ido.

“Ƙaho ne na gaske. An danne shi da zafi, an goge da hannu. Ga inda ƙwaro ya ci, ƙwaro ba ya cin roba. Ka ga yadda ƙotar take kusan miƙe, ba ta lanƙwasa sosai ba? Tsohon yayi ne. Wannan ba ta kasa shekara ɗari da hamsin ba. Kakanku ma a hannu ya same ta.”

Mai askin bai dubi Auta ba. Ya dai ɗan gyara tsayuwa, ya goya hannuwansa a baya.

Ta buɗe askar. Ƙarfen ya ɗauki hasken fitila. Ta taɓa bakin da farce, ya yi siririyar ƙararsa.

“Kin ji?” in ji shi. “Ƙarfen zamanin da ke nan.”

“Na ji,” in ji ta. Ta sake kanga gilashin, wannan karon a wuyan askar, wurin da ake ɗora yatsa. Ta daɗe a wurin. “Wa yake wasa ta?”

“Ni ne.”

“Ka iya washi. Bakin ya tafi daidai daga farko har ƙarshe.” Ta ajiye gilashin. “Amma ƙarfen nan ba tsoho ba ne. Wannan ƙarar da kake so, rarake cikinsa da aka yi da inji ne ya kawo ta, har ya yi siriri kamar takarda. Na zamanin wannan ƙotar masu kauri ne kamar bakin gatari, ko ka buga ba sa kuka. Dubi wutsiyarsa, doguwa ce mai lanƙwasa, na da gajeru ne. Ga sunan ƙasar da aka ƙera shi a wuya, a da can sunan maƙeri kawai ake bugawa. Wannan ƙaramin rubutun kuma cewa yake yi ba ya tsatsa. Shekara talatin, ko arba'in idan na yi maka alheri.”

Ya yi dariya, irin wadda yake yi wa mai kawo masa gardamar ƙwallo a shago. “Malama, ki dai sake dubawa. Mahaifina ne ya damƙa min ita da hannunsa.”

“Ban ce bai damƙa maka ba.”

Ta jawo ta Auta. Ƙotar robar ta dusashe, ta sha gogayya da makullai a aljihu. Ta buɗe da ƙyar, ƙusar ta cije. Ƙarfen da ya fito baƙi ne, gajere, mai kauri a gadon baya, da tabon tsatsa nan da can. Mai askin bai taɓa ganinsa ba. A ranar falon ma bai bari an buɗe ta ba.

Mai Tabarau ta taɓa bakin da farce, bai yi ƙara ba. Ta ɗiga mai a wuyan, ta goge da auduga, ta duba.

“To, ga dattijon,” in ji ta, kuma a karon farko muryarta ta ɗan sassauta. “Ba a rarake shi ba ko kaɗan. Wutsiya gajera. Tambarin maƙeri ya kusa shafewa, babu sunan ƙasa. Washi ya cinye kusan rabinsa, mutum biyu ko uku sun ƙare rayuwarsu suna goga shi a dutse. Ya gama aikinsa, ko gashin hannu ba zai ɗauka ba yanzu. Shekarunsa ɗaya da waccan ƙotar.”

Ta ɗauki mai ƙahon ta buɗe ta sosai, ta haska tsakanin ɓarin ƙotar biyu. Ta ce su matso. A ciki akwai wani ɗan kwari da ƙarfe ya ci a jikin ƙahon, inda kan aska ke gogawa duk lokacin da aka rufe ta. Ta rufe sabon ƙarfen a hankali, kansa ya wuce kwarin da kusan faɗin farce. Ta ɗora tsohon ƙarfen a gefe, wuya daidai da wuya, kansa ya tsaya cif a kan kwarin.

“A nan ya yi zamansa,” in ji ta. “Wani ne ya raba su.”

Agogo ɗaya a bango ya buga sha biyu, alhali ko sha ɗaya ba ta yi ba. Ba wanda ya ɗaga kai.

Ta miƙa wa mai askin gilashin, ta nuna masa ƙusar da ta haɗa ƙarfe da ƙota. Ya kanga a ido, da farko bai ga komai ba sai hazo, sannan kan ƙusar ya fito ƙato, duk lotsattse.

“Kamfani ba ya buga ƙusa haka. Ƙusar tagulla ce aka yanke, aka daddaka kanta sannu sannu. Dubi ta ɗayar, iri ɗaya ce, daga ƙusa guda aka yanko su. Masu yi a gida, idan ba su da ƙaramar guduma, bayan cokali suke sawa. Wanda ya yi wannan ya san aikin, amma hannunsa yana rawa. Ga inda ya kuskure ya sami ƙahon, ga nan, ga nan. A robar ma haka.”

Mai askin ya sauke gilashin. Ya tuna innarsu tana zagaye gida tana cigiyar cokalinta, tana cewa ba ta san mai kwashe mata kaya ba. Shi ne ya tsince shi a ƙarƙashin matashin Baba ranar da suke sauya zanin gado, bayansa duk ya lotse. A lokacin sun dubi juna shi da ita, suka ɗauka ciwon ne ya fara taɓa masa kai. Ya tuna kuma yadda Baba kan ce a ja masa ƙofa da rana, wai yana so ya ɗan runtsa.

“Amma ƙotar ta Kaka ce,” in ji shi. Shi kansa ya ji yadda maganar ta fito, kamar ta yaron da aka ƙwace wa abin wasa.

“Ƙotar kam tasa ce. Sai dai mu a wajenmu ƙarfe ake ba shekaru. Ƙota riga ce, tana fashewa a sauya. Da za ka ce in rubuta wacce ce tsohuwar aska a cikin biyun nan, wannan zan rubuta.” Ta ɗora yatsa a kan baƙar robar.

Ya tsaya yana kallon ƙarfen da ya shekara talatin da ɗaya yana yi wa kirari. Shi ya sayo shi, a shagon farko da ya gani, yana ƙunƙuni. Ya gane cewa Baba ya ba mai aiki ƙarfen da zai yi aiki ne, amma wannan bai sanyaya masa rai ba. Kunya yake ji, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai ajiye hannuwansa. Ya jira Auta ya yi magana. Ya ma shirya wa abin da zai ji, don da shi ne a matsayin Auta da duk lungun sai sun ji muryarsa.

Auta ya ɗauki askarsa, yana juya ta a hannu. “Malama, kin tabbata?”

“Da zan yi kuskure, ba da shekara ɗari ba.”

“Ni fa na ɗauka datti ne kawai,” in ji Auta. Bai ɗago ba. “Sau ɗaya na buɗe ta, a wata tasha. Na ga baƙin ƙarfe, na gwada a hannu bai aske ba. Na ce wato ma lalatacciya ya haɗa min.” Ya rufe ta. “Na yarda da kai, Yaya. Tun ranar. Ka ce kai ka sayo ta, na san ba ka ƙarya. Sai na ce to Baba ne ya yi min wayo, irin yadda ake ba yaro wani abu don ya yi shiru. Ban taɓa zuwa kabarinsa ba.”

“Me ya sa ba ka yar da ita ba?”

“Shi ne ya ba ni.”

Mai Tabarau ta cire tabarau ɗaya ta sa ɗayan. Ta sha ganin iyalai a gaban kantar nan, ta kuma koyi cewa ba aikinta ba ne. Ta ce idan suna so za ta iya mayar da ƙarfen gidansa, aikin minti goma ne, ta fitar da ƙusa biyu ta sa sababbi. Sai a sami askar Kaka cikakkiya guda ɗaya, da wata ta roba.

Mai askin ya tura tasa gabanta. “Ki haɗa masa.”

“A'a,” in ji Auta. Ya ɗora babban yatsansa a kan lotsattsiyar ƙusar. “A bar su yadda ya buga su.”

Ta kashe fitilar, ta naɗe kyallenta.

A waje mai gyaran takalma yana buga dunduniya, wata mota ta toshe bakin lungun ana ta yi mata hon. Suka tsaya a gefen kwata suna jira ta matsa. Auta yana dafe da ƙugu saboda bayan.

“Ba ka yi ƙarya ba,” in ji mai askin.

“Ai na ji ta faɗa.”

“Ba ita ta ce ka yi ba. Ni na ce.”

Auta ya ɗaga kafaɗa. “Ya wuce, Yaya.”

“A gaban mutum tara na faɗa.”

Ya fara lissafa su a ransa, yana bin falon daga ƙofa zuwa taga. Kawunsu biyu. Gwaggo da mijinta. Abokin Baba mai gyaran rediyo. Maƙwabcinsu na dama. Matar mai askin ta fari. Inna a kusurwa, wadda ta yi shekara goma sha ɗaya bayan nan ba ta sake ɗaga zancen ba, ta kuma tafi tana ɗauka autanta ya yi wa mamaci ƙarya. Duk sun rasu. Ya sake bin falon ko ya tsallake wani, bai tsallake ba. Saura mutum ɗaya.

Bai buɗe shago ba ranar. Suka hau mota ɗaya, suka sauka a ƙofar gidan babbar yayarsu. Tana zaune a kujerarta ta kullum kusa da taga, ƙafafunta a kan matashi, rediyo na ta surutu a gefenta ba ta jin rabinsa. Auta ya gaishe ta ya sami wuri ya zauna. Mai askin bai zauna ba. Ya kashe rediyon, ya tsaya a tsakiyar ɗakin kamar yadda ya tsaya a wancan falon.

“Yaya, Auta bai yi ƙarya ba. Baba ya ba shi askar Kaka. Ni na zalunce shi.”

Ta karkato kai, ta kanga tafin hannu a bayan kunne. “Me ka ce?”

Ya sake faɗa.

“Ɗaga murya, ka san kunnen nawa.”

Ya dube ta. Ɗazu tun daga ƙofa ya ga ta amsa gaisuwar Auta, wanda ko buɗe baki sosai ba ya yi. Ta tsare shi da ido, hannunta na nan a bayan kunne, tana jira. Tagar a buɗe take, ana jin maƙwabta suna shanya a tsakar gida.

Ya ja numfashi, ya faɗa da ƙarfi, tun daga farko.